Bakin Gatari

Shafi na 31

Masu cewa na cika jan rai, tun jiya ba ku bar wayata ta huta ba. To ku gyara zama. Wanda kuma yau ya shigo cikinmu kada ya damu, zai gane komai a hanya.

*

Da aka kunna fitilun ɗakin kallon, rabin mutanen da ke ciki share hawayen dariya suke yi. Wani mai ɗaukar hoto har zamewa ya yi daga kujera yana riƙe da ciki. Waɗanda suka zuba jari a fim ɗin suka miƙe suna tafi, babbansu na ta waige yana neman Darakta da ido.

Darakta bai ma san yana yi ba. Yana can baya jingine da bango, tun da aka fara fim ɗin ƙeya ɗaya yake kallo.

Ƙeyar Mai Agogo.

Amininsa ne tun suna yawo da gajeren wando. Yana zaune a layi na biyu, 'yarsa a gefensa da fararen kayan asibiti, don daga wurin aiki ta biya ta ɗauko shi. A farko ya yi dariya. Darakta ya ga kafaɗunsa na rawa lokacin da bokanyar tafiyar ta tashi mayar da 'yan fashi kwaɗi, tsafin ya juye ta mayar da kanta tulu. Ya yi dariya da jakin da ba ya ɗaga ƙafa sai an yi masa kirari. Ya yi dariya da dodon Tsaunin Gishiri, wanda duk girmansa kaza yake tsoro.

Sai Gatari ya fito.

Gatari shi ne gwarzon tafiyar, ƙato mai gemu har ƙirji. Ya tsaya gaban rundunar abokan gaba, ya ɗaga makami, ya buɗe baki zai yi kirarin yaƙi, magana ta maƙale. Ya runtse ido ɗaya, ya shiga buga ƙirjinsa da yatsu biyu. Kafin kalmar farko ta fito abokan gaba sun gaji sun zauna, wani ya fara yanke farce, wani ya yi barci har da minshari.

Ɗakin ya tarwatse da dariya.

Daga nan kafaɗun Mai Agogo ba su sake motsi ba har aka gama jero sunaye.

Asalin fim ɗin wasa ne. Yayar Darakta ce ta ƙirƙiro shi suna yara, a kan teburin cin abincin gidansu. Ita ce mai ba da labari, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya riƙa magana da bakinsa, in an zo wurin faɗa ko tsallake rami a jefa ƙwayar ludo a ga abin da ta nuna. Darakta shi ne jakin. Mai Agogo shi ne Gatari. Daga baya Yaya ta buga wasan a kwali ana sayarwa, yara da manya suka karɓe shi, har aka kai ga yau.

Yayar ce ta fara isowa gare shi, tana ratsa masu miƙo masa hannu. Shekarun da ta yi tana koyarwa sun bar mata wani irin kallo da har yanzu yake shakkarsa.

"Buɗe mana ofishinka," ta ce.

Bai tambayi su wa da wa ba.

Mai Agogo ya biyo su a hankali. A bakin ƙofa ya juya ya yi wa 'yarsa alama da hannu ta jira a waje. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza kai, ta koma da baya.

Ofishin cike yake da tarkacen fim. Ga tulun bokanya a kan kabad, ga kan jaki na roba rataye da ƙusa, ga kwalin wasan a buɗe a kan tebur. A kusurwa kuma makamin Gatari ne a jingine. Mai Agogo ya nufe shi ya ɗaga da hannu ɗaya, ya jujjuya. Soso ne aka yanka aka shafa masa fenti.

"B-babu nauyi," ya ce, ya mayar da shi inda yake.

Darakta ya jawo masa kujera, ya ƙi zama. Ya miƙa masa ruwa, ya ƙi karɓa.

"Na t-taɓa yi maka wani abu ne?"

Nan Darakta ya shiga kame-kame. Ya ce ai ba shi ba ne, masu i'ina a duniya suna da yawa. Ya ce fim ne na ban dariya, babu wanda aka bari, shi kansa ga yadda aka mayar da jakinsa abin tsiya. Ya ce masu jari ne suka matsa, wai gwarzon ya cika ɗaure fuska, wai 'yan kallo ba za su so shi ba in babu abin da za su yi wa dariya a jikinsa. Yana magana yana jin yadda kowace kalma take fitowa sumul daga bakinsa, bai taɓa jin kunyar sauƙin maganarsa ba sai yau.

Mai Agogo ya tashi ba shi amsa, kalmar ta tsaya. Idonsa na hagu ya runtse, yatsunsa biyu suka hau ƙirji suna bugawa.

Sai ya ankara.

Ya sauke kai ya dubi hannun kamar na wani ne aka manna masa, ya cusa shi cikin aljihu.

Da ma mari ya kai masa da hannun, da Darakta ya fi samun sauƙi.

"Ba shi ba ne ko?" in ji Yaya. "Kalle ni nan. Da na ba ka wasan nan me na ce maka?"

"Yaya..."

"Me na ce?"

"Kin ce kada in taɓa miki mutanenki."

"To ashe kunnenka ƙalau."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa bukatar haka ba. Ta tambaye shi ko ya manta ranar da Mai Agogo ya fara zama a teburin. Bai manta ba. Ɗan maƙwabta ne a lokacin, yaron da in an aike shi kanti sai dai ya nuna kaya da yatsa. Gwarzo kaɗai ya rage ba a ɗauka ba, Yaya ta ba shi don kada ya zauna haka nan. Da labari ya kai inda dodo ya tare hanya ta ce masa, to Gatari, me za ka ce? Kowa ya sunkuyar da kai yana jiran abin da aka saba. Yaron ya miƙe tsaye, ya dafa teburin, magana ta ɓalle masa kamar an buɗe famfo. Ya zagi dodon, ya zagi kakannin dodon, ya ba shi zaɓi tsakanin gudu da kabari, ko tuntuɓe ɗaya bai yi ba. Har mahaifiyarsu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar wane baƙo aka yi.

Da ya zauna, shi kansa rufe bakinsa ya yi da hannu.

"Kai ka fi kowa tsalle a ranar," in ji Yaya. "Kai ka goya shi ka zaga tsakar gida da shi."



Mai Agogo ya fara magana. Ta ɗauke shi lokaci, kuma babu wanda ya taya shi ƙarasa kalma ko ɗaya, don su biyun sun san babu abin da ya tsana irin wannan.

"D-duk duniya wuri ɗaya nake da shi da bakina ba ya cin amanata. T-teburin nan. Tun Mamana tana ƙarama nake gaya mata akwai inda ubanta yake magana k-kamar kowa. Ba ta taɓa gani ba, tebur ya watse kafin a haife ta. Yau na ce ta b-baro aikinta ta zo ta gani."

Ya dubi ƙofar.

"Ta gani."

Waje ana ta hayaniya, ana buɗe lemo, wani na kwaikwayon Gatari wasu na shewa. Yaya ta tashi ta ja labulen tagar da ke kallon barandar.

Darakta ya ce a yafe masa. Ya ce wallahi bai yi tunanin abin zai kai haka ba. Ko da yake faɗa ya san ƙarya ce, don ya yi tunanin. Tunanin ne ma ya sa watanni ke nan yake zagaye layin shagon amininsa, in an kira shi ya ce yana wurin ɗaukar fim, in an ce a turo ɗan guntu a gani ya ce a bari sai an gama. Ya riƙa gaya wa kansa cewa in mutum ya ji ɗaki guda na dariya shi ma zai yi. Da-na-sani ƙeya ce, ga shi ita ya wuni yana kallo.

Ya ɗauka an zo ƙarshe. Ashe ba a fara ba.

"W-wanda ya fito a Gatari," in ji Mai Agogo. "Cire masa gemun."

Darakta ya kawar da kai.

"Dogo ne. K-ko ba shi ba ne?"

Yaya ta dubi wannan ta dubi wancan. "Waye kuma Dogo?"

Mai Agogo ne ya gaya mata. Wani saurayi ne da ya fara zuwa shagonsa bara da mataccen agogo. Aka gyara, bayan kwana biyu ya dawo da wani. Aka gyara, ya sake dawowa. Ya ce na kakansa ne ya gada, akwati guda. Ba ya tafiya ya dawo, sai ya jawo benci ya zauna yana kallon aiki yana jan sa da hira. Yaro mai ladabi, mai haƙurin sauraro, bai taɓa katse shi ba, bai taɓa kawar da ido ba in magana ta maƙale. Mai Agogo ya ce a ransa yau ga wanda iyayensa suka yi wa tarbiyya. Har ya kai in an kawo abinci daga gida, cokali biyu ake sakowa.

Yaya ta juyo a hankali.

"Kai ka tura shi?"

Darakta ya gyaɗa kai.

"Agogunan fa?"

"A kasuwa na saya," in ji Darakta, muryarsa da ƙyar take fita. "Wurin masu gwangwan. Leda guda."

Mai Agogo ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ya ce shi ma ya yi mamakin kakan da yake ɗaura agogon mata har da na yara masu hoton zomo.

Yaya ta nemi kujera ta zauna. Ta ce ita dai ta koyar da yara iri-iri, ta ga masu satar amsa, ta ga masu satar biro, yau ta ga wanda ya tura a sato masa ciwon amininsa, kuma cikinsu ɗaya da shi.

Darakta ya matso zai durƙusa. Mai Agogo ya ɗaga masa hannu.

"T-tsaya. Ba ka ji sauran ba."

Ya ciro hannun daga aljihu, ya bar shi ya yi bugunsa, bai ƙara ɓoyewa ba.

"Makon jiya ya zo b-ba agogo a hannunsa. Ya durƙusa nan gabana, kamar yadda kake shirin yi. Ya ce yana son Mamana da aure."

Darakta ya ji kamar ƙasan ofishin ta zame.

"Na ce na b-ba shi."

"Wallahi ban sani ba," in ji Darakta. "Wannan kam wallahi ban sani ba. Na ce masa ya je ya zauna ya kalla, shi ke nan. Da aka fara ɗauka na ce ya daina zuwa."

"B-bai daina ba."

Sai yanzu Darakta ya gane abin da ya sa Dogo ya ƙi shigowa kallon yau, ya ce kansa ke ciwo zai zauna a mota. Sai yanzu ya gane abin da ya sa yaron ya rame a 'yan kwanakin nan, yake bin sa ofis yana cewa Oga ina son magana da kai, shi kuma yana cewa a bari sai an gama tacewa.

Mai Agogo ya ce tambaya ɗaya ta rage masa, kuma ba Darakta zai yi wa ba. So yake ya san ta yaya zai fita ya gaya wa 'yarsa cewa wanda ta sa a ranta ba don ita ya zo ba, harshen ubanta ya zo ɗauka.

Ba a ƙwanƙwasa ba aka turo ƙofar.

Ita ce. 'Yar Mai Agogo. A bayanta Dogo, ba gemu, ba makami, siriri kamar sanda, idanunsa sun yi ja. Yana shigowa ya zube a ƙasa ya ce Baba.

Mai Agogo bai ko dube shi ba.

"M-mamana, na ce ki jira."

"Na ji komai, Abba. Ƙofar ba ta da kauri."

"To kin ji waye shi."

"Na san waye shi."

Ta haɗa hannayenta a gaba kamar mai shirin karɓar hukunci.

"Tun kafin a fara ɗaukar fim ɗin ya gaya min."

Yaya ta ce innalillahi a hankali.

Mai Agogo ya dafa teburin. Kwalin wasan ya goce, ƙwayoyin ludo suka watse a ƙasa, babu wanda ya sunkuya.

Yarinyar ta ce ranar da Dogo ya gaya mata, korar kare ta yi masa, ta toshe lambarsa. Ya yi ta jiranta a ƙofar asibiti har masu gadi suka san shi. Da ta gaji ta tsaya, sai ya ce ba haƙuri ya zo ba ta ba, abu ɗaya yake so ta gani. A nan wurin ajiye motoci, cikin rana, ya yi mata wani wuri na ƙarshen fim ɗin, wanda shi da kansa ya roƙa aka ƙara.

"Wurin gada," ta ce.



Ta ce a wurin, mutanen gari sun taru a bakin gada za su gudu su bar wa dodo garin. Gatari ya hau dutse zai yi musu magana, ta maƙale, suka fara dariya kamar kullum. Bai sauko ba. Ya ci gaba, kalma na fita da ƙyar, yana buga ƙirji yana ci gaba, har dariyar ta mutu. Babu wanda ya ƙarasa masa. Garin gaba ɗaya ya tsaya yana jiransa har ya kai aya, sannan suka ajiye kayansu suka bi shi.

"Abba, tun ina ƙarama nake ganin ana ƙarasa maka magana. Mai kanti ya ƙarasa maka, likita ya ƙarasa maka, har a taron makarantarmu shugaba ya karɓe abin magana daga hannunka yana murmushi. Ni ban san Gatarin tebur ba. Kai na sani. So nake ka zauna a ɗaki cike da mutane ka ga an jira ka, ko sau ɗaya."

Muryarta ta karye.

"Shi ya sa na yi shiru. Bugun ƙirjin ma bai iya daidai ba, ni na gyara masa."

Mai Agogo ya runtse idanunsa duka biyu.

Darakta ya tuna ranar da aka ɗauki wurin gadar. Da ya ce a tsaya, babu wanda ya motsa. Mai riƙe abin ɗaukar murya yana kuka. Shi kansa sai da ya zaga bayan mota ya wanke fuska. Ya tuna kuma ranar da babban mai jari ya kalla, ya ce wannan wurin yana kashe dariya, mutane sun biya ne su huta ba su yi makoki ba. Bai ma yi gardama sosai ba. Ya ce wa mai tacewa ya cire, ya sa faɗan dodo da kaza a gurbinsa. Kuma da safiyar yau ɗin nan aka tura fim ɗin gidajen kallo, da sa hannunsa.

Dogo ya ɗago daga inda yake durƙushe.

"Oga, na ga ana fitowa ana dariya. Ba wanda yake kuka."

Yarinyar ta share fuskarta da bayan hannu, ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci Darakta. Shi ya yi mata huɗuba a kunne ranar da aka haife ta, don bakin ubanta ya ƙi buɗewa saboda murna.

"Baba Darakta, na zauna ina riƙe da hannun Abba ina ce masa ka jira, ka jira. Har aka kunna fitila."

Ta matso taku ɗaya.

"Ina wurin gadar yake?"

Darakta ya buɗe baki.

"Ƙ-ƙyale shi, Mamana," in ji Mai Agogo. "Ku fita duka. Yaya, har ke."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, aka bar Darakta a tsaye. Mai Agogo ya bi bayansu ya tura ƙofar da ƙafa, ya murza makulli, ya zare shi ya jefa a aljihu.

Sannan ya jawo kujera ya zauna a bakin teburin.

"Zauna," ya ce.